Ciyawar da Yaya Ya Ƙi Yankewa

Shekara ashirin da uku yayana ya yi yana yankan ciyawa a wata makarantar sakandare. Lauje ɗaya, adda ɗaya, da takalmin roba da ya sha faci. Bai taɓa makara ba. Laifinsa guda ne: a bayan ajujuwa, daidai inda fili ya haɗu da bishiyoyi, yakan bar ciyawa ta kai gwiwa.

Dalili kuwa, wai malam-buɗe-littafi. Da ma mai kyau ne, da na yi shiru. Ruwan ƙasa ne kamar tsohon kwali, da ɗan baƙin ɗigo a fiffike. Irinsa ko yara ba sa bi.

"Yaya, wannan abin ai ko'ina akwai shi," na ce masa.

"Ko'ina? To yaushe rabonki da ganinsa?"

Haushi ya ƙara kama ni. Ya ce a jikin ciyawar suke yin ƙwai, ita tsutsarsu take ci, in ka yanke ka yanke na baɗi.

Shugaban makaranta ba ruwansa da baɗi. Takardar gargaɗi biyu ya ba shi, ya ce ta uku sallama ce. Matar Yaya ta zo min da kuka, ga 'ya'ya biyar. Na je na sami Yaya.

"Ka yi wa Allah ka yanke ciyawar nan. Ƙwaro ne zai ciyar da gidanka?"

"Bari damina ta wuce, uwar faɗa."

Ana haka malamar kimiyya ta ɗauki hoton abin da wayarta, ta tura wa wata ƙungiyar masu nazarin ƙwari. Suka ce za su zo su ƙirga su, har da mai kyamara. Nan take shugaba ya zama masoyin malam-buɗe-littafi. A gaban ɗalibai ya ce shi da kansa ya ba da umarni a bar wurin. Har allo ya sa aka kafa.

Ana jibi baƙi za su zo ya zagaya ya leƙa, karon farko da ya taka wurin. Ya ƙwala wa Yaya kira.

"Manyan mutane za su shiga wannan ƙazantar? A share tas, su ga ƙwarin da kyau."

"Ranka ya daɗe, in aka yanke ba abin da za su gani."

"Kai za ka koya min? Aji nawa ka yi?"

Yaya ya ƙi taɓa lauje. Shugaba ya ɗauko mai inji daga waje, cikin awa guda wurin ya koma kamar an yi masa aski. Baƙi suka zo da hulunansu da littattafansu, suka tsaya awa biyu cikin rana suna kallon allo. Guda ɗaya suka ƙirga, shi ma wucewa yake yi.

Takarda ta uku ranar Litinin ta iso. Ni na karanta masa, don idonsa ya fara rauni. An sallame shi ne saboda "sakaci wajen kula da mazaunin ƙwari". Sai da na maimaita, na ɗauka nawa idon ne ya lalace.

Na fizgi mayafi zan tafi ofishin mutumin nan in wanke shi tas. Yaya ya riƙe min hannu.

"Zauna, ba zai dawo da ni ba. Ara min baro dai. Sun tara ciyawar a bakin ramin shara, gobe za su ƙona, kuma ƙwan na jiki."

Na zazzage masa duk abin da na tanadar wa shugaba. Sannan na ba shi baron. Tulin ciyawar yana nan a bayan ɗakina, ya hana ni shanya.