Tukunya Ɗaya a Bayan Gidan Likita

Tiya goma sha biyu ta hatsi cikin taiki ɗaya. Tabarma ɗaya. Ƙwarya uku, ɗaya da ɗinki. Ƙaramar tukunya. Ɗan gishiri a ƙulle cikin tsumma. Sandar kiwo, wadda mai ita ya daina iya ɗagawa. Jaki ɗaya, a bisansa Illo, yana tari yana tofarwa gefe.

Abin da Hure ta taso da shi ke nan daga rugarsu ta wajen Sukukutane, ƙarshen bazarar bana, shekara ta shida da samun mulkin kai. Kwana biyu suka yi cikin rairayi, ita gaba da igiyar jaki, mijinta Illo baya yana riƙe da ƙirjinsa. Da suka iso Dogon Dutsi, majo, wato babban ma'aikacin gidan likita, ya saurari ƙirjin ya faɗi magana gajera. Allura kullum, kwana sittin, ba fashi. Wanda ya tsaya a tsakiya, tarin zai dawo masa da ƙarfin da ya fi na farko.

Hure ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ta san abin da ciki biyu ke ci. A ruga tiya ɗaya kwana biyu take yi masu, kuma da nono a gefe. Nan ba nono. Itace ma na saye ne. Ta duba taikin ta ga kwana ashirin da huɗu, in ba ta sayar da ko hannu ɗaya ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta zagaya filin da ke bayan gidan likita, inda masu jinya ke zama, ta fara tsintar duwatsun murhu.

"Ke, 'yar Fillo! Aje duwatsun nan. Nan ba a hura wuta biyu."

Wata tsohuwa ce, gajera, idanunta jajaye, da muciya a hannu.

"Inna, to mi za mu ci?"

"Abin da mutane ka ci. Kin taɓa ganin abincin mutane, ko sai abin da saniya ta rage muku?"

Hure ta ji harshen ta gane Ba'ara ce. Tsakanin Arawa da Fulani irin wannan magana wasa ce ta kakanni, ba zagi ba. Rabonta da dariya tun da tarin ya fara.

"Inna, ai ku bayinmu ne."

"To baiwarki ta ce ki kawo taikin nan kahin in ƙirga ukku."

Wannan ita ce Inna Hasiya, kuma saboda ita ake wannan rubutu.

Sunanta ba ya cikin kowace takarda ta gwamnati. Ba ta da albashi, ba ta da farar riga. Shekara goma da suka wuce ta zo filin nan daga Dumega, ita ma da miji a kan jaki. Hatsinsu ya ƙare a kwana na goma sha tara. Ta mai da shi gida. Aka rufe shi kafin a yi girbi. Da ta fita takaba ta dawo, ba wanda ya kira ta. Ta zauna gindin bango ta yi ta kallon filin: murhu ashirin, kowane yana cin itacensa, kowace mace tana zubar da dusa wa kajin gari, kowace tukunya tana ƙone gindinta. Mutane ba sa barin magani don sun raina shi. Suna barinsa ne ranar da taiki ya kwanta. Hasiya ta nemo babbar tukunya ta ce a haɗa.

Dokarta ba ta da yawa. Kowane gida ya ajiye hatsinsa a ɗakinta na ajiya, taikin kowa daban, ba a cakuɗawa. Ita ke ɗiba, tiya ɗaya ga mutum biyu duk kwana biyar. Mai jinyar da ke da ƙarfi ya yi daka, ko ɗebo ruwa, ko tsintar kara da busasshen kashin shanu. Wanda zai tafi, a ba shi ragowarsa a hannu. Ba ta taɓa riƙe wa kowa ƙwaya ɗaya ba.

Tiya ɗaya kwana biyar. Wanda ya ji haka zai ce yunwa ce aka sa wa suna. To ga yadda take yi.

Da an idar da sallar asuba ta buɗe ɗaki ta auna. Matan su surfa, ta tsaya a kansu. Dusa ba ta zubewa: ana tankaɗe ta, mai laushin ta koma cikin gari. Ruwan da aka wanke hatsi da shi ana tara shi a tulu ya yi tsami, shi ne kunun marasa lafiyar da ba sa iya haɗiye tuwo. Wuta sau ɗaya ake hurawa a yini. A kanta ake dafa wake da 'yar kanwa, a sauke, a ɗora ganye, a sauke, a tuƙa tuwo, sannan a bar miya ta ƙarasa da garwashin da ya rage. Ganyen shi ne rabin abincin. Duk damina tana bin bayan gari da kwando tana tsinkar tafasa da rama da yakuwa da ganyen wake, ta shanya a inuwa, ta ɗura a tuluna ta liƙe bakinsu da laka. Da rana a ci kwaɗon ganye da ƙuli-ƙuli da wake. Da maraice a ci tuwo. Da safe ɗumamensa. Abin da ya rage a shanya a tabarma ya bushe. Ƙanzon gindin tukunya ma yana da tulunsa, ranar da baƙi suka iso babu shiri a jiƙa shi. Nama ba ya shiga tukunyar, ba don an hana ba, don ba a da shi.

Tana da halinta. Gishiri a wurinta kamar za a cire mata haƙori. Ta taɓa korar wata matar ɗan kasuwa daga bakin murhu don ta zuba ruwan dafa wake a ƙasa, ta bi ta da magana har bakin rijiya. Jibo, wani maƙeri daga Tibiri da ya yi wata biyu a filin da gyambo a ƙafa, yana cewa bai taɓa jin ta ce wa mutum sannu ba. Yana kuma cewa ya zo da tiya huɗu kacal, ya ci har ya warke, da zai tafi ta miƙa masa rabin tiya ta ce tasa ce. Daga baya ya gane cewa waɗanda aka sallama sukan bar mata ragowarsu, ita kuma ta zuba wa wanda taikinsa ya fi kwantawa, ba ta faɗa. Majo kuwa, wanda ba mai yawan yabo ba ne, ya ce allurarsa ba ta aiki a jikin wanda ya koma gida, kuma abin da ke tsai da mutane a filin ba shi ba ne.

Inna Hasiya, ke ce mai auna kwana da tiya. Ke kika ga abin da masu karatu ba su gani ba, cewa magani yana da ƙanwa, sunanta abincin gobe. Ke kika zauna cikin hayaƙi shekara goma har ya cinye miki idanu, don kada wata mace ta ja jaki zuwa gida a kwana na goma sha tara.

Idanun nan su suka kawo ƙarshen aikin. Ta fara auna hatsi da lalube. Sau biyu ta ƙone hannu. 'Yarta Zalihatu ta aiko daga Dumega cewa ta gyara mata ɗaki, za ta zo ranar kasuwa ta ɗauke ta da motar da ke komawa. Hasiya ta yarda. Kowa a filin ya ji, kuma ba wanda ya iya cewa ta zauna.

Don wannan rana ta sallama aka shirya jinjinar nan, kuma godiyar tana nan yadda aka shirya ta. Mun gode, Inna. Mutanen Sukukutane da Tibiri da Dumega da ke yawo da ƙafafunsu yau sun gode, har waɗanda ba su san sunanki ba. Ƙasar nan sabuwa ce, tana da tuta da ofisoshi, kuma ana yawan maganar abin da za a kawo mana daga waje. Kafin ya iso, akwai gidajen likita da yawa masu fili a bayansu. Duk macen da ta iya auna hatsi, duk mai gonar da ke da kara, duk wanda ke wuce tafasa yana taka ta, ya je ya dubi filin da ke kusa da shi. Aikin ba ya son takarda. Tukunya yake so da mutum mai tsayawa.

Sai dai ranar ba ta tafi yadda aka shirya ba.

Kwana biyu kafin ta, ruwan farko ya sauka. Illo yana kwana na ashirin da biyar. Tarin ya yi sauƙi, ya fara zagaya filin da sandarsa. Da hantsin ranar kasuwa, Zalihatu ta riga ta iso tana ɗaure wa uwarta kaya, sai ga Mahmuda, wan Illo, da rawaninsa jiƙe da gumi. Ya gaisa a tsaye. Ya leƙa ƙwaryar da ke gaban ƙanensa.

"Wanga mine ne?"

"Kwaɗon rama ne, Yaya," in ji Illo.

"Haki. Ɗan babana shina cin haki awa akuya." Ya juya wajen Hasiya. "Ke Ba'ara, haka kuke yi wa iyayen gidanku?"

"Da ya zo ko hakin bai iya tamnawa," in ji Hasiya. "Yanzu ka gan shi tsaye. Zamna a zuba maka, na ga wuyanka ya hi nashi tsawo."

Mahmuda bai yi dariya ba. Ya ce manoma sun fara shuka, jibi za a kori shanu daga gonaki. Dole garke ya yi arewa, kuma shi kaɗai ba zai iya da shanun gida biyu ba. Illo ya warke, ga shi yana tafiya. A ɗauko sauran hatsin, shi ne guzurin hanya.

Ba ƙarya ya yi ba. Shanun su ne duk abin da gidan ya mallaka. Illo ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da sanda. Ƙane ba ya musu da wa a gaban mutane.

Hure tana tsugune bayan turmi. Mace ba ta sa baki a maganar wan miji. Ta gyara lulluɓi ta yi magana da ƙasa.

"Majo ya ce sittin, Yaya."

"Majo shi ka ciyar da ku? Hatsin nawa ya rage? Wanda kuka zo da shi ai ya isa ƙarewa."

Hure ba ta sani ba. Tun ranar da ta miƙa taikin ba ta sake ganin cikinsa ba, kuma tsoron tambaya take yi. Hasiya ta tashi ta buɗe ɗakin ajiya, ta laluba ta jawo taikin zuwa bakin ƙofa. Ta auna a gaban kowa, a hankali, tana share bakin tiyar da tafin hannu. Bakwai.

"Kwana talatin da biyar ke nan," in ji ta. "Daidai da allurar da ta rage mai."

Hure ta dubi hatsin ta rufe baki da hannu.

Mahmuda ya nuna ƙullin kayan da ke gefen Zalihatu.

"A hannunki ne shike kwana talatin da biyar. Na ji a kasuwa yau za ki tahi. A hannun wagga yarinya kwana goma sha huɗu ne, sannan su sayar da jaki su biyo mu da ƙahwa, ba magani ba shanu. Ba ni hatsinmu. An ce ba ki riƙe na kowa."

Nan ma gaskiya ya faɗa. Ba a sami wadda za ta karɓi muciyar ba tukuna. Matan filin masu wucewa ne, kowace da nata mara lafiya.

Zalihatu ta ce, "Inna, mota na jira. Direba ya ce ba ya kai azahar."

Hasiya ta juya jajayen idanunta inda take jin numfashin Illo.

"Kai ɗan Fillo, hatsin naka ne, ba na wanka ba. In ka ce a ba shi, yanzu in ba shi. Amma in ka zamna, ba ka rasa abinci. Mi ka ce?"

Illo bai ɗaga kai ba.

"Yaya, ka ɗauki makiyayi. Ka ba shi maraƙina ja ladan damina."

Mahmuda ya buɗe baki zai yi magana. Hasiya ta riga ta mai da hatsin cikin taiki, ta tura shi ciki da ƙafa. Ta jawo ƙyauren ɗakin ta rufe, ta sa sakata, ta tsaya da bayanta jingine da shi.

"Zalihatu, kwance kayan nan ki je ki sallami direba. Ba ni tahiya sai ranar da aka yi mai allura ta ƙarshe."