Kwanon da Ke Dawowa a Rufe

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma wanda ya san irin gidajenmu ya san nauyin wannan magana. Kakanninmu makiyaya ne da suka gangaro daga arewa, shanu suka ƙare, suka kama hauya a wani ƙauye kusa da Gazawa. Fillanci ya tafi, ko gaisuwa ba mu iya ba, amma kunyar ɗan fari ta zauna daram. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ni “wancan” ne, in ransa ya yi fari kuma “yaron ga”. In yana son a ɗaure jaki, sai ya dubi innata ya ce a faɗa wa wancan ya ɗaure jaki, ko da ina tsaye gabansa da igiyar a hannuna.

Yana da kwanonsa na kansa, mai murfi, wanda ba a zuba wa kowa abinci a ciki. Shi kaɗai yake ci, a kan buzu a ƙofar ɗakinsa. Kuma bai taɓa cinyewa ba. Kullum sai ya rage loma biyu ko uku, in da nama ya bar tsoka a kai, ya kira sunan ɗaya daga cikin ’ya’yansa ya zo ya ɗauka. Ƙannena duk sun ci wannan ragowa, autarmu kuwa har ta mayar da ita gado. Ni ba a kiran sunana, don haka ban taɓa ci ba. Ina ƙarami abin yana ci mini rai ƙwarai, na girma na daina nunawa.

Shekarar da na faɗi jarrabawar ƙarshe ta kolej, zama ya gagare ni. Damina ta wuce, an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, ƙauye ya koma sai tsofaffi da awaki. Sa’o’ina wasu sun tsallaka iyaka cin rani, wasu sun yi arewa neman zinariya. Ni kuwa in zauna gindin itacen bedi, in tashi, in zagaya bayan gari, in dawo in tarar da inuwar ba ta ko gusa ba. Innata takan ce kamar an zuba mini ƙaiƙayi a riga. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, amma kifi aƙalla ya san inda ruwa yake.

Na fara da gidan burodi a Gazawa. Wannan kam bai dami mahaifina ba, don burodi aikin maza ne. Mai gidan burodin ya sa ni faskaren itace da share tanda, in na matso inda ake kwaɓa fulawa sai ya tuna da wani aike. Da na ga rani zai ƙare ban san yawan yis da ake zubawa ba, na ajiye masa gatarinsa. Na koma teburin wani mai shayi a tasha. Nan ma aikin maza ne, har da suyar ƙwai, ba wanda ya ɗaga gira. Amma kafin wata ya mutu na iya duk abin da ke kan teburin, na fara jin ƙafafuna suna ƙaiƙayi kuma. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan rabo da aka yi: namiji ya gasa nama, ya gasa burodi, ya soya ƙwai, duk mutunci ne. Ya taɓa tukunyar miya kuwa, shi ke nan ya zubar da girman gidansu. Ni kuma tun ina yaro tukunyar nake so. Daga bakin zaure nakan gane ko daddawa ta ji a miyar innata.

A tashar ne na ji direbobi suna zancen santir ɗin koyon sana’a da ke Agye. Na hau kabu-kabu na je in gani da idona. Akwai sashen walda, akwai na ɗinki, akwai na gyaran babur, can ƙarshen baranda kuma ɗaki guda yana fitar da ƙamshin albasa da tattasai. Na leƙa. Mata ne zalla, kowace da farin kallabi da rigar aiki, wata dattijuwa da suke kira Madam tana nuna musu yadda ake riƙe wuƙa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Samari, walda can baya take.” Na ce na gan ta, nan nake so. Ɗakin ya kwashe da dariya, ita kaɗai ce ba ta yi ba. Ta ce in wanke hannuna har gwiwar hannu, in yanke farce, in dawo ran Litinin.

Na faɗa wa innata ranar da na koma gida, ita kuma ta kai maganar inda ya kamata. Ina zaune a tsakar gida na ji amsar.

“A hwaɗa ma wancan,” in ji mahaifina, “gidan ga ba a taɓa yin namiji mai muciya ba. In shina son shi zama na hwarko, ga shi ga hanya.”

Bai hana ba, bai yarda ba. Na ɗauki wannan a matsayin ƙofa da aka bari a sakaye, na wuce.

Abin da na sha a bakin samarin ƙauye ba ya faɗuwa. In na sauka daga babur sai wani ya ce, “Sannu da zuwa uwargida, mi za mu ci yau?” Wani ya ce gemuna ba zai ƙara fitowa ba tunda na riƙe muciya. Ranar da ɗaya ya kira ni ɗan daudu a bakin rijiya, na manta da duk tarbiyyar Madam, sai da aka ɗaga ni daga kansa. Ina da zuciya, ban ɓoye ba. Amma surutun samari iska ne, yana wucewa. Shirun mahaifina ne ba ya wucewa.

A santir na koyi abubuwa da yawa, kuma a can ne kaɗai nake jin jikina ya natsu. Na koyi kunun aya da yadda ake tace shi don kada ya yi saurin tsami, na koyi lemun sobo da na tsamiya, da yawur, da garin kunun yara na hatsi da wake da gyaɗa. Na koyi gato, wato kek, da miyar tumatir irin ta otal, da jera abinci a faranti. Madam ta buɗe mana ido a kan inda sana’ar ke kai mutum: wasu su kafa ƙungiya suna sarrafa amfanin gona, wasu su buɗe wurin sayar da abinci, wasu su shiga otal, mai hali ya wuce babbar lakol, wato makarantar gaba, a Yamai. Ta ce a manyan otal yawancin masu dafa abinci maza ne. Na so a ce mahaifina yana bayan taga yana ji.

Tunda ba ni da bakin yi masa magana, sai na ce bari abinci ya yi. Duk Asabar in na zo gida sai in dafa abin da na koya a makon, innata ta zuba a kwanonsa ta kai. Na yi masa taliya da miyar kaza. Kwanon ya dawo a rufe. Na yi masa shinkafa mai kayan lambu, wadda Madam da kanta ta yaba. Ya ɗaga murfin, ya shinshina, ya mayar. Ko gato da na ɗauko tun daga Agye a kan cinyata don kada ya farfashe, autarmu ce ta cinye. A irin waɗannan ranaku fura kawai yake sha ya kwanta. Innata ta fara roƙona in bari, ta ce, “Kana kashe min miji da yunwa, kai da shi duk kanku ɗaya, dutse.” Ban bari ba, amma duk lokacin da na ji ƙarar murfin nan yana komawa, sai in tashi in fice daga gidan.

Da karatu ya zo ƙarshe aka tura mu staj, wato koyon aiki a hannun masu sana’a. Ni na faɗa wani gidan abinci a Maraɗi. Mai wurin ya ga hannuna, ya ce in an gama girbi in zo ya ɗauke ni aiki, amma in na yi nawa zai ba wani. Na dawo ƙauye da wannan magana tana tafasa a cikina. A wurinmu yaro ba ya barin gida sai uba ya ce masa Allah ya kiyaye hanya. Ana tafiya ba tare da wannan addu’a ba, na ga waɗanda suka yi, na kuma ga yadda suke dawowa sallah su zauna a gidan ubansu kamar baƙi. Ba na son haka. Zama kuma ba zan iya ba.

Innata ta kai wa mahaifina maganar. Ya ci gaba da gyaran ƙotar lauje kamar ba da shi ake ba. Muka yanke hatsi, muka roro wake, muka tone aya, ni da shi kafaɗa da kafaɗa a gona ɗaya, ba uffan. Ina aiki ina kallon hanya. Duk motar da ta wuce ta yi yamma sai in ga kamar da gurbin aikina ta tafi.

Ana gobe zan tafi, na ce wa innata ta ba ni muciya. Ta ce, “Kai, ka haukace? Tsakar gida, rana tsaka?” Na ce duk abin da na aika masa abincin baƙi ne, yau nasa zan yi, kuma a gabansa. Na hura wuta, na ɗora tukunya, na yi talge, na tuƙa tuwon hatsi. Na kaɗa miyar kuka da daddawa da busasshen kifi, na zuba man shanu. Ina cikin tuƙi, zufa na zuba, mahaifina ya shigo daga sallar la’asar. Ya tsaya. Na ji idonsa a bayana, ban waiwaya ba, na ci gaba da juya muciyar. Ya daɗe a tsaye, sannan ya wuce ɗakinsa.

Bayan magariba innata ta kai kwanon. Ta dawo da shi a rufe, ba ta dube ni ba. Na ɗaure kayana cikin fushi, na ce ai shi ke nan, gobe tafiya ba fashi. Da bakina na faɗa, amma ban san ko ƙafata za ta iya tsallake zauren ba.

Da safe mai kabu-kabu ya iso yana ta danna oda a waje. Innata ta ɗumama tuwon jiya, ta mayar da shi cikin kwanon nan, ta kai ƙofar ɗakin ta ajiye, ta koma wurin turminta. Ni ina zaune kan jakata, na kasa tashi. Daga inda nake ba na ganinsa, danga ta tsare. Na ji murfi ya ɗagu. Na jira in ji ya koma, bai koma ba.

Can sai ya yi gyaran murya ya kira innata. Autarmu ta riga ta miƙe, ta saba, ya ce mata ta zauna.

“Ungo,” ya ce wa innata. “A ba wancan shi cinye, hanya da nisa. Allah shi kiyaye.” Sannan ya ƙara, “Kuma a hwaɗa mai gishiri ya yi yawa.”

Innata ta miƙo mini kwanon da hannu biyu, tana goge ido da gefen zane. Loma uku ce a ciki, da tsokar kifi a kai. Mai babur yana ta oda, ni kuwa na durƙusa nan tsakar gida na cinye, na suɗe kwanon tas. Gishirin daidai yake.