Zuwa Sakkwato Neman Wanda Ya Ƙera Makullin

Litinin: Kano zuwa Funtuwa

Ana idar da sallar asuba maigidana ya ɗauke ni zuwa tasha, gari bai ko fara haske ba. Na biya naira dubu goma sha takwas na kujerar bayan direba a wata Sharon. Ƙarfe shida da minti goma mota ta cika, aka yi addu'a muka ɗau hanyar Gwarzo. A jakata akwai kwamfuta, da kaya kala uku, da wani ɗan allon lantarki mai faɗin tafin hannu da na naɗe da ɗankwali.

Bari in faɗi dalilin tafiyar tun yanzu. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kano da ke haɗa firiji mai amfani da hasken rana, na ajiyar allurar rigakafi a asibitocin ƙauye. Allon nan shi ne ƙwaƙwalwar firijin. A cikinsa akwai manhajar da muke kira kanel, ita ke raba wa kowane aiki lokacinsa: mai auna sanyi, mai kunna injin, mai lura da batir. In ayyuka biyu suka taɓa wuri ɗaya a lokaci ɗaya, wannan na rubutawa wancan na karantawa, sai lissafi ya rikice. Wannan shi muke kira rige-rige. Maganinsa makulli: wanda ya riƙe shi ya shiga, saura su jira.

To firijinmu sun fara sandarewa. Sai a yi sati uku lafiya, rana ɗaya injin ya ƙi tashi. Wata nas ta kira ni da kanta ta ce mata goma sha ɗaya ta mayar gida da jariransu, don allurar ta yi ɗumi. Akwai manhaja mai sa ido da ke kama rige-rige, amma makullin da aka gabatar mata kaɗai ta sani. Namu ƙirar gida ne. Dole a bi shi layi-layi a sa alama: nan ake kamawa, nan ake saki. Na sa alamun iyakar ganewata, amma ta ci gaba da kawo mini ƙara sama da ɗari uku, kusan duk na banza. Wanda ya ƙera makullin shekara takwas da suka wuce, Malam Bitrus, ya yi ritaya ya koma gidansa a Sakkwato, idonsa ya yi rauni. Sau biyu muka gwada ta waya, ya ce, "'Yata, wannan ba zancen waya ba ne."

Mun iso Funtuwa ƙarfe tara da rabi. Na sha koko da ƙosai na ɗari biyar a tsaye, direba na ta danna hon.

Funtuwa zuwa Gusau

Daga nan hira ta ragu a mota. Direbanmu, wani dattijo Bazamfare, ya ce ba ya tsayawa ko'ina sai shinge. Kafin Tsafe kuwa muka tarar da na sojoji, aka ce kowa ya buɗe jakarsa. Sojan ya warware ɗankwalina, ya ga allo da wayoyi ja da baƙi suna reto. Na ga fuskarsa ta canja.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Ƙwaƙwalwar firiji ce, yallaɓai. Na ajiyar rigakafin yara."

"Firiji har da ƙwaƙwalwa?"

"Shi ya sa yake rashin lafiya. Likita zan kai shi Sakkwato."

Na nuna masa katin aikina da hoton firijin a waya. Ya jujjuya allon, ya ce akwai irinsa a asibitin garinsu, ya miƙo mini da hannu biyu. Muna barin wurin direba ya ce, "Hajiya, gaba in za ki ɗauko likkafaninmu, ki riƙa faɗi tun a tasha." Mota duk ta kwashe da dariya.

Gusau sha biyu da kwata. Shinkafa da wake da mai da yaji, dubu ɗaya da ɗari biyu. Muka yi azahar muka wuce.

Gusau zuwa Sakkwato

Kilomita ɗari biyu da ɗoriya ne, ta Talatar Mafara da Tureta. Shinge biyar na ƙirga, babu inda aka sauke mu. Biyar saura minti ashirin muka shiga gari, zafi kamar an buɗe murhu. Na tsallake 'yan kabu-kabu na hau keke mai ƙafa uku zuwa Ƙofar Kware, gidan Inna Kulu, yayar mahaifiyata.

"Lale da Bakanuwa! Kin iso lahiya, ɗiyata? Mi kika taho yi da wanga zahi?"

Na yi mata bayani tana dama mini fura. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Wato makulli anka ba ki, ba a gwada miki ƙohwa ba." Na ce wallahi Inna kin fi ni iya faɗi.

Talata: Gidan Malam Bitrus

Ƙarfe takwas na safe keke ya sauke ni a ƙofar gidan Malam Bitrus, ɗari biyar. Mutumin Kudancin Kaduna ne, amma shekara arba'in yana Sakkwato, ya koyar da lantarki kafin ya zo mana aikin shekara uku a Kano, harshensa duk ya juye. Matarsa Mama Rifkatu ta shimfiɗa mana tabarma a gindin dogon yaro, ta kawo masa da miya.

"Baba, ga makullinka ya hana ni barci."

"Karanta min shi. Idona ba shi gani, amma kaina bai yi ritaya ba."

Na riƙa karantawa, yana rufe da ido yana kaɗa kai. Da na zo wani sashe da ya ɗaure mini kai wata biyu, inda ake kama makulli amma ban ga inda aka sake shi ba, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Ba a sakinai. Miƙa shi aka yi."

Ya ce lokacin da suka fara gwaji, in batir ya yi ƙasa, injin kan makara wajen tashi don yana layin jiran makulli. Sai ya yi dabara: mai auna sanyi ba ya ajiye makullin, kai tsaye yake danƙa shi a hannun mai kunna injin. Ni kuwa alamata ta gaya wa mai sa ido cewa makullin na hannun na farko har abada. Duk abin da na biyun ya taɓa, sai ta ga kamar ɓarawo ne ya haura katanga.

"Me ya sa ba ka rubuta haka a gefe ba, Baba?"

Ya ce, "Na ɗauka ina nan kullum."

Muka ƙirƙiro alama ta uku, ta miƙawa: daga wane zuwa wane. Wurare bakwai muka sa ta. Na haɗa allon da kwamfuta na kunna gwaji, na shiga ɗakin Mama Rifkatu na yi azahar a dardumar da take ajiye wa baƙi. Da na fito, ƙara ɗari uku da wani abu ta koma biyu.

Na yi murna har na tafa. Na duba biyun sama-sama, na ga karatu ne kawai ba rubutu ba. Akwai wata alama da ake sawa a ce wa mai sa ido, wannan an sani, ba komai, wuce. Na ce bari in sa ta mu huta.

"Kin tabbata ba komai?"

"Kusan haka, Baba."

"Kusan? Bilkisu, alamar ga shaida ce. Abin da kinka hwaɗi mata shi za ta riƙe, ba ta sake tambaya. In ba ki gani da idonki ba, kar ki shaida."

Kunya ta kama ni. Na ce to mu bi su. Abin da nake tsoro tun daga Kano shi ne a ce laifin a aikinsa yake, in rasa bakin da zan gaya wa dattijo. Ta farko ta fito ba komai da gaske, ƙidaya ce da ko ta kuskure babu abin da ya dogara da ita. Muka sa mata alamar, muka rubuta dalili a gefe. Ta biyu kuwa ina fara karantawa muryata ta sauka. Na gane rubutun. Bara ni na ƙara sashen da ke aika wa nas saƙon waya da ma'aunin sanyi. Na karanta lambar ba makulli, ina ganin ai leƙe ne kawai. Ashe bayan karantawar akwai layin da ke share umarnin da ke cewa "kunna injin". In saƙon ya faɗo daidai lokacin miƙa makulli, injin ba zai taɓa samun kira ba.

"Ta wa ce?" in ji shi.

"Tawa ce, Baba."

Na tuna matan nan da jariransu a hanya, hawaye ya zubo mini. Bai ce kar in yi kuka ba. Sai da na share fuska ya ce, "Rabi naki, rabi nawa da ban rubuta ba. Gyara naki, in hwaɗi nawa ki rubuta."

Gyaran layi huɗu ne. Bayanin da ya yi mini shifta kuwa ya kai shafi uku, har la'asar muna yi.

Laraba

Na bar gwajin yana gudu a ɗakin Inna Kulu, na sa saƙon yana fita sau ɗari a minti don in tsokano matsalar. Da tsohon rubutun, allon ya sandare cikin minti goma sha tara. Da sabon, tun safe har magariba bai ko yi tuntuɓe ba, mai sa ido kuma ba ta kawo ƙara ko ɗaya ba. Na kira ofis na ce a shirya kai gyaran zuwa asibitoci, a fara da na nas ɗin da ta kira ni. Da yamma na je Unguwar Rogo gaida dangi, na biya na yi wa Malam Bitrus sallama. Ya roƙe ni abu guda: duk wanda muka ɗauka aiki, a fara zaunar da shi ya karanta shafi ukun nan.

Alhamis: komawa

Shida daidai muka bar Sakkwato. Gusau goma saura kwata, Funtuwa sha biyu da rabi, shingaye duk suka ɗaga mana hannu. Huɗu da minti biyar na taka ƙasar Kano. Maigidana na karɓar jakar ya ce, "To, an samo mai laifin?"

Na ce, "An samo ta. Ga ta nan ta biyo ka gida, kuma yunwa take ji."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Ina gode wa Inna Kulu da furarta, da Mama Rifkatu da tabarmarta, da direbobin da suka riƙe rayukanmu amana. Malam Bitrus kuwa, Allah Ya ƙara masa lafiyar ido. Yau sati bakwai ke nan da kai gyaran. Jiya nas ɗin ta sake kirana, na ɗauka da faɗuwar gaba, ashe tambaya take ko muna da firiji mafi girma, don matan ƙauyukan kewaye sun fara zuwa wurinta.