Fitilar da Ke Saman Gadon Lionel

Yayana Lionel Stancich ya shiga teku tun gemu bai fito masa ba, kuma da son ransa aka bi, da har yau yana can. Ni ce ƙanwarsa Noelene. Na yi shekaru ina kuku a jirgin da yake aiki, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsince shi ba.

Babanmu masunci ne a Fremantle. Lionel ya gaji da ƙarnin kifi da faɗan tsoho, ya tattara ya yi arewa zuwa Dampier, lokacin da haƙar mai da gas a tsakiyar teku take tashe. Ya samu jirgin kai kaya, irin wanda ke ɗibar bututu da siminti da ruwan sha da abinci ya kai wa rijiyoyin. Wurinsa shi ne filin bayan jirgi. Injin ɗaga kaya zai sauko da ƙugiya daga saman rijiya, shi kuma ya cafke ta ya maƙala wa kaya, jirgi na hawa yana sauka, ruwa na dukan gwiwarsa. Ƙugiyar nan in ta sami kan mutum, ba a kai shi asibiti.

Mutanen gari suna cewa 'yan teku kuɗi ne ya yi musu yawa. Su je su tsaya a filin nan rana guda, sannan su dawo mu yi magana. Lionel ya ce farkon zuwansa su huɗu ake cusawa a ɗaki ɗaya, bango ɗaya ya raba su da inji. Abin toshe kunne babu, sai wanda ya ga dama ya cusa auduga. In ka yi ƙorafi a nuna maka bakin tasha, a ce ga mutane can suna jiran gurbinka. Sai da aka yi yajin aiki kafin aka samu mako biyar a ruwa, mako biyar a gida, kuma albashi na tafiya. Yana ba da labarin yajin nan yana dariya, kamar wani biki suka je. Ni kuwa na tuna matarsa Bev, kafin ta rasu, tana dafa wa yara dankali safe da yamma.

Wannan tsari na mako biyar shi ya sa kowa yake da abokin canji. Aiki ɗaya, ɗaki ɗaya, gado ɗaya, mutum biyu. Kai kana hawa, shi yana sauka. Ba ku haɗuwa sai a kan tsanin shiga jirgi, kowa da jaka a kafaɗa. Kuma duk abin da ya lalace a jirgi, mun san masu laifi: waɗancan, abokan canjinmu. Wuƙata ta dakushe, waɗancan ne. Igiya ta tsinke, waɗancan ne. Na tabbata su ma haka suke cewa da mu, amma su ƙarya suke yi.

Abokin canjin Lionel sunansa Clarrie Moyle, wani siriri mai sanyin murya daga Geraldton. Sun kusa shekara ashirin suna gado ɗaya, amma in aka tara maganar da suka taɓa yi da juna ba za ta cika wuni ba. Gaisuwarsu a kan tsani ba ta canzawa. Clarrie zai ce, "Ka dai wanke zanin gadon, tsohon kada?" Lionel ya ce, "Da ƙafarka mai wari, wankin me zai yi?" Shi ke nan, sai bayan mako biyar. Lionel kan bar masa ɗakin tas, da biskit a aljihun tebur. Clarrie kan bar masa jaridun tseren dawaki. Ni dai ban taɓa sakin jiki da mutumin da ba ya ɗaga murya ba.

Kunnen Lionel ya fara mutuwa a hankali. Ni na fara ganewa, don sai in tambaye shi ƙwai ko tsiran alade, ya ce mini ai iska za ta lafa da rana. Ma'aikatan zangonmu, masu hawa tare da mu, duk sun sani, kuma ba wanda ya buɗe baki. A fili Lionel ba ya buƙatar rediyon oba-oba. Yana kallon hannun direban injin ɗaga kaya, yana jin motsin jirgi a tafin ƙafarsa. In ƙararrawa ta buga, wani zai bi ta ƙofarsa ya doka da ƙafa. Saura shekara uku ya yi ritaya da cikakken haƙƙinsa, kuma gwajin likita na gaba da sauran lokaci. Mun yi shirin mu lallaɓa shi har ya kai.

Kamfanin kuwa a lokacin neman hanyar rage tsofaffi yake. Ba sa korar mutum, sun fi haka wayo. Sai dai likita ya ce ba ka cancanci teku ba, su kuma su aiko maka da kati mai hoton jirgi.

Wata ranar canji muka hau, Lionel ya shiga ɗakinsa, sai ga shi ya leƙo kicin yana kirana. Na bi shi. A saman gado an ɗaura wata jar fitila, an ja waya an haɗa ta da ƙararrawar jirgi, aiki tsaf kamar na kamfani. In ƙararrawa ta buga, fitilar ta riƙa walƙiya. Ba takarda, ba bayani. Lionel ya tsaya yana murmushi kamar an ba shi kyautar mota.

Na ce masa ya cire ta yanzu-yanzu. Ya ce don me. Na matsa kusa da kunnensa mai ɗan sauran rai na ce, "Yaya, wannan ba fitila ba ce, yatsa ne. Duk wanda ya shigo ɗakin nan an nuna masa kai kurma ne."

Ya ce Clarrie ba haka yake ba. Na tambaye shi a ina ya san yadda Clarrie yake, a kan tsani? Na tuna masa cewa mijin 'yar Clarrie ya daɗe yana aikin wucin gadi, yau a wannan jirgi gobe a wancan, yana jiran wani ya mutu ko ya faɗi gwaji. Wane gurbi ne ya fi kusa da hannunsu? Lionel ya juya mini mataccen kunnen. Haka yake yi in ba ya son magana, kuma wannan dabara ta fi komai ƙona mini rai.

Fitila ta zauna. Zango bai ƙare ba sai ga mai duba lafiyar jirgi daga ofis, wata 'yar gayu da sabon takalmin aiki da bai taɓa ganin ruwan gishiri ba. Ta bi ɗaki-ɗaki. Ta ci abincina ta yaba, wanda hakan ma bai kwanta mini ba. Da ta fito daga ɗakin Lionel sai ta tambayi kyaftin wa ke kwana a ciki. Muna sauka aka kira Lionel gwajin likita na musamman. Shi kaɗai. Ba a kira Clarrie ba, alhali gadon na mutum biyu ne. Wannan fa? Wa ya gaya musu wanne ne daga cikin biyun?

Ranar canji ta gaba, Lionel na gida yana jiran sakamako, na tare Clarrie a kan tsani. Ban matsa ba, mutane suka taru a bayana da jakunkuna.

Na ce, "Malam mai gyaran wuta, aikinka ya yi kyau. Surukin naka ya auna gadon, ko sai an ƙara masa tsawo?"

Ya ajiye jakarsa. Ya ce a canjin da ya gabaci ɗaura fitilar ya hau da wuri ya shiga ɗaki, Lionel na haɗa kaya ya ba ƙofa baya, sai aka gwada ƙararrawar gobara. Ƙarar da ke sa haƙori rawa. Lionel bai ko waiwayo ba, yana ta ninke riga. Ya ce ya yi mako biyar yana kwana a gadon nan yana tunanin ranar da mai dokan ƙofar zai kasance a wani wuri.

Na ce to me ya hana shi yi wa Lionel magana, ko mu?

Ya ce, "A ina, Noelene? A nan? Ku da ko gishiri ya ƙare mu ne."

Na tambaye shi kai tsaye ko shi ya kai sunan yayana ofis. Ya ce bai kai ba. Ya ce daga ofis aka yi masa waya aka tambaye shi ko don shi aka sa fitilar, ya ce shi kunnensa lafiya lau. Wai me zai ce, ya yi ƙarya a kore shi? Ya ɗauki jakarsa ya raɓa ta gefena ya sauka. Ko kunya babu a fuskarsa, ko da yake fuskar Clarrie dama ba ta nuna komai.

Lionel ya faɗi gwajin. Likitan ya ce tsufa ne. Tsufa! Mutumin da aka kwantar da shi jikin inji tun yana saurayi, aka ba shi auduga. Ƙungiyar ƙwadago ta shiga maganar, an ja an ja, an samo masa wani abu, amma teku dai ta tafi, da shekaru ukun da muke lallaɓawa. Kati ya zo, da hoton jirgi. Jirgin ma ba namu ba ne.

Gurbin kuma mijin 'yar Clarrie aka ba. Ina faɗa ne kawai yadda aka yi. Yaron ba laifi a fili, kuma yana wanke kwanonsa, amma har na bar jirgin ban taɓa zuba masa ƙari ba.

Yanzu Lionel yana zaune a wani ɗan gida a Point Samson, yana gyara wa maƙwabta injin kwalekwale, wanda ƙararsa ba ta dame shi. Ba ya son a ce an cuce shi. In ka zauna da shi sai ya ba ka labarin guguwar da ta sa suka gudu da jirgi can cikin teku, firji ya ɓalle ya bi kyaftin har ƙofar bayi. Ko na ranar da ƙaton kifin nan whale ya kwanta a gefen rijiya aka dakatar da aiki, kowa na cin albashi yana kallonsa. Na wahala ba ya ba da shi sai na tsokano, kuma ko na tsokano sai ya ce ai kowa haka ya yi.

Watanni bayan saukarsa na je kai masa miya, na tarar da mota a ƙofa. Clarrie ne a kan kujera, da sukundireba a baki, yana ɗaura jar fitilar nan a saman ƙofar falo. Ya ciro ta daga jirgi ya haɗa ta da ƙararrawar ƙofar gida. Tun daga Geraldton ya tuƙo, a cikin hutunsa. Lionel na riƙe masa kujerar yana zaginsa a kan warin ƙafa.

Tun daga ranar kusan duk hutu sai ya zo. Da can ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, don in ɗaya na ƙasa ɗaya na ruwa. Yanzu sai su wuni a baranda, Clarrie na magana ƙasa-ƙasa, Lionel ba ya jin ko rabi, suna ta dariya. Na ce wa Lionel mutum ba ya tuƙa wannan nisa haka kawai, sai in akwai abin da ke cin sa a rai. Ya ce wataƙila kifin nan ne ya fi na Geraldton daɗi.

Har yau ban san ko Clarrie rai ya ceta ko gurbi ya share ba, kuma ina zargin ya yi duka biyun da waya ɗaya. In na zo na same shi, nakan haɗa musu shayi, in ajiye nasa a gabansa, in ja kujera in zauna inda zan riƙa ganin fuskarsa.