Bangon Fata na Mushe Hayatu

Ni Delu, shekara ashirin da biyu ina auren Mushe Hayatu, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, ko ƙwayar Ingilishi ban iya ba. Shi kuwa a Sakkwato ya koyo, ya dawo Ƙwanni yana karantar da manyan yaran lakwal, wato makarantar boko. Littafi biyu gare shi, ɗaya labarin wata marainiyar Ingila, ɗaya waƙoƙi. Na tambaye shi mi waƙoƙin ke cewa, ya ce furanni da tsuntsaye da ruwan sama. Na ce, "To, Malam, su ma roƙon ruwa suke?" Ya yi dariya har da hawaye.

Shekarar fari, saba'in da uku, idonsa ya fara mutuwa. Mun je asibiti, mun je wajen masu magani, ba abin da ya sake. Ya riƙe hannuna ya ce kar kowa ya ji, don in hukuma a Yamai ta ji, sun karɓe ajinsa. Ai littattafan suna kansa. Ya buɗe, ya kafa ido a takarda, ya zuba daga ka. Yaran sun gane tuni, 'ya'yan albarka, suka yi gum.

Sai gara ta ci bangon littafin waƙoƙin. Ni da karambani na kai wa baduku, na ce ya yi masa bangon fata da ado a fuska. Ya ce ina fuskar? Na nuna masa dama. Yo ni da na yi karatun allo, ta ina littafi ke farawa in ba ta dama ba? Malam ya shafa adon, ya ce, "Madalla, Delu, yanzu hannuna ya san gaba."

Bayan kwana uku sufeton makarantu ya zo daga Tawa. Mairo, ɗiyar maƙwabta da ke ajin, ita ta ba ni labari tana kuka. Malam ya shafa, ya sa adon a sama yadda ya saba riƙewa, ya buɗe. Rubutu kai ƙasa. Ya karanta waƙar tas, muryarsa har waje. Mairo ta yi tari, wani ya buga tebur, bai gane ba. Sufeto ya tako, ya juya masa littafin a hannu.

Bayan wata guda takardar sallama ta iso. Aka kawo wani saurayi a madadinsa.

Wallahi na so ya zage ni, ko ya yi fushi in samu sauƙi. Ina! Ya rayu shekara huɗu a zaure, littafin a cinyarsa. Kullum da hantsi in ya ji an buga ƙarfen lakwal sai ya miƙo mini ya ce, "Duba mini, daidai na riƙe?" Ni kuwa har ya rasu ban san amsar ba. Sai in ce daidai ne, Malam.