Injiniya Haladu da Injin Casar Alkama

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Injiniya Haladu, Allah ya jiƙansa. Ni ba marubuci ba ne, mai walda ne a Kura, kuma ba don abin da na gani a watan jiya ba, da bana ma addu'a zan yi masa a masallaci in koma bakin shago kamar kullum.

Jikata Bilkisu, wadda ke karatun injiniya, ita ta matsa sai na je na ga jami'arsu. Ta kai ni wani fili da aka keɓe a gefen makarantar, suna kiransa dandalin fasaha. Ɗakunan bincike a dama, shagunan masu ƙira da ƙananan kamfanoni a hagu. Malami ya gama zanensa sai ya tsallaka ya miƙa wa mai ƙira, ɗan kasuwa ya zo ya duba, in ya yi masa a shirya. Na tsaya ina kallo har Bilkisu ta ce, "Tsoho, ko ƙafar ce ta gaza?" Na ce mata ƙafa lafiya lau, wani na tuna.

Na san Haladu ne cikin shekarun tamanin, lokacin da gwamnati ta hana shigo da alkama aka ce kowa ya noma. Daga Kadawa har Bunkure, duk inda ruwan kanal ya kai, alkama ce kore shar. Noma ya yi kyau, casa ce ta gagara. Da sanda ake bugu, maza da mata, kwana da kwanaki cikin ranar bazara, ga tsuntsu ga ɓera suna cin rabonsu. Injinan casa na ƙasashen waje ƙalilan ne, kuma in ɗaya ya lalace sai ya zama makwancin kaji, don babu kayan gyaransa.

Shi Haladu ma'aikaci ne a wata tashar binciken noma ta jami'a. Wata rana da la'asar ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar shagona, ya warware wata doguwar takarda a kan benci.

"Malam Tasi'u, shekara uku wannan zane yana cikin kabad. An duba, an yaba, an sa hannu, an rufe. Za ka iya ƙera shi da ƙarfen da ake samu a Kano?"

Na ce masa ni ban iya karanta zane ba. Ya ce shi ma bai iya riƙe wutar walda ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga ranar, in ya tashi daga aiki sai ya zo, ya tuɓe rigar ofis ya rataye a ƙusa, mu yi ta fama har kiran magariba. Shi ya koya mini awo da ma'auni, ni da na saba da awon ido. Ni kuma na nuna masa inda takarda ke yin ƙarya: ƙarfen da ya zana babu shi a kasuwa, sai dai mu yanka na tsohuwar mota.

Da muka gama, babu manomin da ya yarda a gwada a kan alkamarsa, sai Baba Nomau, wani dattijo daga gidajen Maguzawa na bayan Bunkure. Abin da ke gonarsa shi ne cin iyalinsa na shekara. Muka kai inji a amalanke, mutane suka taru, na tayar da shi. Aka zuba damin farko, aka zuba na biyu, na uku. Da Haladu ya tara hannu a bakin inji sai ga tsaki, ƙwayar duk ta farfashe.

Baba Nomau ya ɗebo, ya murza a tafinsa, ya ce, "Yaro, casa na ba ka, sai ka haɗa mini da niƙa?"

Aka yi dariya. Ni na so ƙasa ta tsage in shige. Haladu kuwa ya durƙusa gaban dattijon ya ce, "Baba, kuskuren lissafina ne, gudunsa ya yi yawa. Ka ba ni kwana uku." Tsohon ya daɗe yana kallon sauran dammunansa, sannan ya ce kwana uku tsuntsu ba zai cinye gona ba.

Muka sauya faifan ƙarfen da bel ke juyawa, muka rage masa gudu. Rana ta uku ƙwaya ta fito sumul, ƙaiƙayi gefe guda. Aikin da gidan Nomau kan yi mako biyu suna yi, kafin la'asar an ɗure buhuna. 

Murna ba ta daɗe ba. Labari ya kai tashar, aka ba Haladu takardar tuhuma: da izinin wa ya fitar da zanen jami'a ya kai wa mai walda? A lokacin babu wata ƙa'ida da ta yarda da haka, kuma ana maganar kora. Yana da mata da 'ya'ya huɗu. Na ce masa mu farfasa injin mu ce ba a yi ba. Ya ce bai iya wannan ba.

Shugaban tashar da kansa ya fito ya ga abin da ake ƙara a kai. Ya same mu a wata gona kusa da Madobi, manoma sun jera dammunansu suna jiran layi, mata na ta sheƙa. Ya zagaya injin sau biyu, ya ɗebi ƙwaya ya duba, ya shiga mota. Gani ya kori ji. Bayan mako guda aka ce an bar maganar kora, sai dai gargaɗi a rubuce.

Ba a kore shi ba, amma bai yi nisa ba. Abokan aikinsa suna rubuta takardun bincike suna hawa, wasu har suka zama farfesoshi, shi yana shagona da baƙin mai a hannu. Ni kuwa injin nan ya ɗaga ni: na buɗe babban shago, na yaye masu ƙira da yawa, na je Makka. Ko sisi bai taɓa karɓa ba. Ya yi ritaya a ƙaramin matsayi, ya rasu a gidansa mai ɗaki uku. Wannan abu ya daɗe yana cina. Nakan ce a raina, ni na ci moriyar, shi ya biya da darajarsa.

Da zai ga dandalin nan, me zai ce? Na san zai yi murmushin nan nasa na gefen baki, ganin abin da aka tuhume shi a kai yau an gina masa ofis har da allo. Bilkisu ta ce yanzu malamin da zanensa ya shiga kasuwa ana lissafa masa shi wajen ƙarin girma. Sai dai na san halinsa, ba zai fita bai yi tambaya ba. Zai dubi masu gadin ƙofa ya ce, in Baba Nomau ya zo da faci a riga, za a bar shi ya shiga?  Na dai ga abin da ya ishe ni: ɗalibai mata da maza suna tsugune gaban wani maƙeri mai furfura, yana gyara musu awo, ba wanda ke jin kunya.

Da na dawo Kura ban wuce gida ba, sai gidan marigayin. Na gaida matarsa Hajiya Rabi daga bakin ƙofa, na ba ta labarin abin da na gani, sannan na faɗi abin da na riƙe shekara da shekaru. Na ce ta yafe mini, shagona ne ya tare wa Injiniya hanyar ɗaukaka.

Sai na ji tana dariya a hankali.

"Alhaji, ashe abin da ke damunka ke nan? Ni nake zuba masa abinci. In daga ofis ya dawo, da kyar yake gama malmala ɗaya. In daga shagonka ne, sai ya ci biyu ya tambaya ko da saura."

Ban san nauyin abin da nake ɗauke da shi ba sai da ta sauke mini. Haladu bai bar littafi mai sunansa ba, ba a kuma sa wa wani gini sunansa ba. Ya bar gonakin da ake cashewa a wuni ɗaya, da masu ƙira da ba su san shi ba suna ci da awonsa, da shaidar matarsa cewa ya yi aikin da ransa ke so. Allah ya kai haske kabarinsa.