Robar da ta riƙe shatin haƙorana

Shekarun baya, lokacin ina zaune a unguwar Najma da ke Doha, aikina shi ne nutso ƙarƙashin jiragen ruwan masu hali, ina kankare gansakuka da kwanson da ke manne musu. Kafin nan gadi nake yi a ƙofar tashar jiragen. Wani abokina Bakano da muke ɗaki ɗaya ne ya ja ni cikin aikin, na yi horo, aka ɗauke ni. Na so aikin nan ƙwarai. A ƙarƙashin ruwa babu zafin Doha, babu mai yi maka tsawa.

Ga wanda bai sani ba, mai nutso yana goya tulun iska, tiyo ya taso daga tulun zuwa wata na'ura, a bakin na'urar kuma akwai 'yar roba da ake cizawa da turame. Ta nan kake numfashi. Idan ta kuɓuce, ruwan gishiri ne zai maye gurbinta.

Robar da kamfani ya ba ni tana da tauri. In na fito, muƙamuƙina ya riƙe, dasashina na jini. Ni mutum ne mai bin abu daki-daki, don haka na ɗora laifin a kan robar, na shiga neman wadda ta dace. Da farko na sayi ƙarama mai laushi, ciwon ya ragu amma jinin bai tsaya ba. Sai na koma mai dogayen fikafikai da ke kaiwa can ƙuryar baki, ita kuma ta riƙa sa ni yunƙurin amai. Daga nan abokina ya kawo min irin wadda ake tsomawa a ruwan zafi ta yi laushi, mutum ya cije ta, ta ɗauki shatin haƙoransa.

A butar shayinmu muka dafa ta. Ina zaune a bakin gado na cije, yawu na dalala, shi yana dariya yana cewa yau dai an samu abin da ya rufe bakin Bazazzagi. Da ta huce, ga turamena nan a jikinta reras. Ta zauna min daram, na yi wata da watanni ina aiki cikin kwanciyar hankali.

Sannu a hankali sai ta daina zama. In na cije, ɓangaren hagu ya ƙi shiga gurbinsa. Na ce zafin gari ne ya lanƙwasa ta, zan sayi wata. Abokina ya karɓa ya jujjuya ta a hannu, wannan karon bai yi dariya ba.

"Bazazzagi, robar nan lafiyarta ƙalau. Yadda ka cije ta haka take. Haƙoranka ne suka tashi daga inda suke."

Na musa, har na yi masa faɗa. Ya ce to in sa yatsa in taɓa. Na taɓa. Suna motsi.

Likitan haƙori ya ce ciwon dasashi ne ya daɗe yana cin gindinsu, tun kafin in fara nutso. Jinin da nake gani ba na roba ba ne. Ya cire turamen hagu, bayan wani lokaci na dama suka bi.

Ban haƙura ba. Na samo wata roba mai 'yar gada da ke jingina da ganɗa, wadda aka ce ba sai an cije da ƙarfi ba. Na yi kwanaki da ita. Wata rana ina ƙarƙashin wani jirgi, tiyon ya ɗan maƙale, na'urar ta fice daga bakina kamar an zare cokali. Na lalubo ta na mayar, amma na sha ruwa, kuma abokina yana gefena ya gani. Da muka fito na roƙe shi ya yi shiru. Ya ce zai iya rufa min kowane asiri, ban da wanda zai sa ya ciro gawata. Shi ya faɗa wa mudir, wato shugabanmu a wurin aiki.

Na tambayi mudir ko za a sayo min abin rufe fuska gaba ɗaya, wanda ba ya buƙatar cizo. Ya ce ba za su canja kayan aiki saboda mutum ɗaya ba, khalas, magana ta ƙare. Aka mayar da ni ƙofa.

Na daɗe ba na yi wa abokina magana, alhali muna kwana ɗaki ɗaya. Shi kuwa in ya dafa nama sai ya bar nawa a wuta ya yi lugub, ya ajiye min. A haka muka shirya.

Abin da na fahimta shi ne, na iya zaɓen roba, na bi komai bisa tsari, sai dai ban fara daga inda ya kamata ba. Duk wanda ya tambaye ni wace roba zai saya, nakan ce ya fara zuwa a duba bakinsa.

Har yau ina gadi, ina ɗaga wa masu nutso sandar ƙofa su wuce. Robar nan tana cikin wani gwangwani a akwatina. Wani lokaci nakan ɗauko ta in duba. Duk turamena suna nan a jikinta, kowanne a mazauninsa.